Layuka Biyar da Do-Re-Mi: Nazari kan Zaɓen Manhajar Rubuta Kiɗa a Jos

Duk wanda ya taɓa leƙa gwajin waƙar 'yan kwaya a wata majami'a a Jos da yammacin Asabar, ya kuma duba abin da ke hannun mutane, zai ga takarda iri uku a benci guda. Mai kibod yana da shafi mai layuka biyar-biyar, da baƙaƙen ɗigo masu jela a kansu. Yawancin masu rerawa suna riƙe da shafin da babu layi ko ɗaya a ciki, sai haruffan solfa, d, r, m, f, s, l, t, da sanduna da ɗige-ɗige a tsakaninsu. Iyaye mata na Zumunta kuwa kalmomin kawai suke da su, ko a Littafin Waƙoƙi ko a rubuce da biro cikin littafin makaranta, karin waƙar yana cikin kai. Waƙa ɗaya ce ake rerawa, amma rubutunta uku ne, kuma mutum ɗaya ne ke ɗawainiyar samar da su: shugaban kwaya, da laftof ɗinsa.

Abin da nake son nunawa shi ne, tambayar "wace manhaja ce ta fi?" tana da wata amsa a Jos da ta sha bamban da wadda ake bayarwa a Turai da Amurka. Can, musun na masu shirya wa makaɗa saba'in ko tamanin takardu ne, kuma abin da suke aunawa shi ne saurin aiki da kyan shafi. A nan kuwa, abu uku ne ke yanke hukunci: ko mawaƙin da ya tashi da solfa zai iya karanta abin da aka buga masa, ko kalmomin Hausa da na harsunan Filato za su zauna daidai a ƙarƙashin sautukansu, sannan ko fayil ɗin zai buɗu bayan shekara goma. Kamfanonin da ke ƙera manhajojin ba su sa ko ɗaya cikin ukun a gaba ba.

Sai an fahimci dalilin kafuwar solfa kafin a gane girman matsalar farko. Wata malama a garin Norwich na Ingila, Sarah Glover, ita ta fara tsara hanyar, sannan wani fasto mai suna John Curwen ya gyara ta ya yaɗa ta daga shekarun 1840. Ana yawan cewa sauƙin koyo ne ya sa ta karɓu, kuma haka ne, amma akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba: arahar bugu. A wancan zamani, rubutun layuka biyar sai an sami gwani ya sassaƙa shi a kan farantin ƙarfe, ko an tanadi haruffan ɗab'i na musamman masu tsada. Solfa kuwa, kowace maɗaba'ar da ke iya buga takardar sanarwa tana iya buga ta, tun da ba ta bukatar komai sai baƙaƙe da alamomin rubutu na yau da kullum. Sanda tana nuna bugu mai ƙarfi, ɗigo biyu a tsaye suna nuna mai rauni, ɗigo ɗaya yana raba bugu biyu, waƙafi yana raba shi huɗu, karan ɗori yana cewa a ja sautin, fili kuma yana nufin shiru. Da wannan kayan aiki 'yan mishan suka shigo Afirka. Ƙungiyar SUM ta sauka Wase a 1904, daga aikinta ikilisiyar COCIN ta fito. Aikin ƙungiyar SIM kuma ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954. Dukansu biyu a Jos hedkwatarsu take, kuma da Hausa suka haɗa Berom da Ngas da Mwaghavul da Tarok a waƙa ɗaya. Jikokin waɗancan masu rerawa su ne ke zaune a bencin da na ambata.

To amma manhajojin an gina su ne kacokan a kan layuka biyar. Finale ta fito a 1988. Sibelius, wadda tagwayen nan Ben da Jonathan Finn suka ƙirƙira a Ingila, ta shiga kasuwa a 1993, kamfanin Avid ya saye ta a 2006, ya kuma rufe ofishinta na Landan a 2012. Ma'aikatan da aka sallama ne kamfanin Steinberg ya kwasa, suka zauna suka gina sabuwa daga tushe, Dorico, wadda ta fito a 2016. Sunan ma na wani maɗaba'in kiɗa ne da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 16. A gefe guda akwai na kyauta: LilyPond, da aka fara a 1996, wadda ake rubuta mata umarni da haruffa ita kuma ta zana shafin, da MuseScore ta Werner Schweer, wadda fitowarta ta huɗu ta zo a Disamban 2022. Akwai kuma tsohuwar NoteWorthy Composer, mara nauyi, wadda har yanzu ake cin karo da fayilolinta a hannun shugabannin kwaya.

Babu ɗaya cikinsu da ta ɗauki solfa a matsayin rubutu mai cin gashin kansa. Sibelius ce ta fi kusa, domin tana zuwa da wani ɗan ƙarin shiri da ke jera solfa a saman layukan, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa ta yi farin jini a wajen 'yan kwayar Nijeriya. MuseScore ma tana da irin waɗannan ƙananan shirye-shirye da masu amfani da ita suka rubuta don kansu. Sai dai duk wanda ya gwada ya san inda gizo ke saƙa. Sa sunan sauti abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen alamomin lokaci da wajen sauya ki. A solfa "do" ba ta da mazauni ɗaya, tana bin ki ne duk inda ya koma. Idan waƙa ta tashi daga G ta koma D a tsakiya, marubucin solfa yana sa ɗan ƙaramin harafi na gada, wanda ke gaya wa mawaƙi cewa sautin da yake kira "so" yanzu ya zama "do". Wannan hukunci ne na kunne: mutum ne ke duba ko sauyin na ɗan lokaci ne, a wadatu da "fe", ko kuwa ya zauna har ya cancanci sabuwar "do". Manhaja tana duba alamar ki da aka rubuta a farkon layi ne kawai. Idan mai waƙar bai canza alamar ba, sai ta cika wa 'yan alto shafi da "fe" da "de" da "se", su kuwa su yi ta tuntuɓe a wurin da kunnensu ya riga ya san hanya.

Saboda haka da yawa suke komawa Microsoft Word, su buga solfar da hannu. Na ga irin wannan shafi kusa da kusa. Layi huɗu ne a jere, sufurano a sama, bes a ƙasa, kalmomi a tsakiya, kuma an daidaita su ne da danna maɓallin tazara har sai ido ya ce ya yi. A laftof ɗin mai shi komai ya tsaya cak. Da aka kai shagon bugu aka buɗe a wata kwamfutar da ba ta da irin salon haruffan, sai sandunan suka goce, bugun farko na tena ya koma ƙarƙashin bugu na biyu na alto. Wata dattijuwa ta ɗaga takardar sama ta ce, "Malam, wannan layin namu ne ko na maza?" Ya karɓa ya duba, ya ce, "Mama, ku yi haƙuri, ku bi ni da baki kawai." Maganin wannan ba shi da tsada: a yi amfani da tebur mai gidaje, kowane bugu da gidansa, ko salon haruffan da faɗinsu ɗaya ne, sannan kada fayil ya bar hannun mai shi sai ya zama PDF. Amma a lura da abin da aka rasa. Shafin Word ba ya kaɗa waƙar a ji, ba ya ƙirga bugu ya ce an yi kuskure, ba ya sauke ki idan ya yi wa mata tsawo. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a fara rubuta waƙar a layuka biyar, a saurara, a gyara, daga nan a fitar da solfar a bi ta da ido gida-gida. Aiki biyu ne, kuma ban ga manhajar da ta rage shi zuwa ɗaya ba tare da an yi asarar wani abu ba.

Matsala ta biyu ta fi ba ni sha'awa, don ta shafi harshen kansa. Abu na farko da ke bayyana shi ne haruffa masu lanƙwasa. Finale ba ta karɓi tsarin Unicode ba sai a fitowarta ta 2012, shi ya sa tsofaffin takardu da yawa suka fito da k da d da b tsirara. Yau duk manyan manhajojin suna karɓar ƙ da ɗ da ɓ, amma karɓa daban, nunawa daban: idan salon haruffan da aka zaɓa ba shi da harafin, ko dai a ga ɗan akwati a gurbinsa, ko kwamfuta ta aro shi daga wani salon ya fito kamar baƙo a cikin kalma. A waƙar coci wannan ba ado ba ne. "Ɗa" da "da" lanƙwasa ce kaɗai ta raba su, haka "ƙasa" da "kasa". Salon haruffan da ƙungiyar SIL ke rabawa kyauta, irin su Charis da Andika da Gentium, an yi su ne domin harsunan duniya iri-iri, suna ɗauke da waɗannan har da irin su ɨ da ŋ da wasu harsunan Filato ke bukata. Canza salon haruffan kalmomi aikin minti ɗaya ne a kowace manhaja. Mantawa da shi ne ke jawo sake bugu. Akwai kuma ɗan tarkon hamza: a Nijeriya muna rubuta 'ya'ya da hamza, a Nijar suna da harafin ƴ, kuma manhajar da ke gyara alamomin zance da kanta takan juya ta farkon ta fuskanci baya.

Wannan duk na sama-sama ne. Na ciki shi ne nauyin gaɓa. Gaɓar Hausa siffa uku gare ta: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ta farko sassauƙa ce, biyun ƙarshe masu nauyi, kuma a kan wannan bambanci aka gina karin waƙar Hausa, rubutacciya da ta baka. Masanin harshe Russell Schuh ya daɗe yana nazarin yadda mawaƙan Hausa ke ɗora gaɓa mai nauyi a kan dogon sauti. Rubutunmu na boko kuwa ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. "Gari" na mazauni da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. "Kuka" ta miya da "kuka" na hawaye hawa da saukar murya ne suka raba su. Waƙoƙin da aka fassaro daga Ingilishi an ɗora su ne a kan karin da aka yi domin harshe mai danna gaɓa, ba mai jan ta ba, shi ya sa ake jin wurare da dama inda sassauƙar gaɓa ta hau dogon sauti ta miƙe, ma'ana ta karkace. Masu rerawa sun saba, ba sa ji. Amma wanda ya zauna yana shigar da kalmomi a manhaja, gaɓa ɗaya a ƙarƙashin sauti ɗaya, karan ɗori ya kai shi gaba, shi ne mutum na farko da zai ga karon ƙuru-ƙuru. A ganina wannan ita ce babbar fa'idar manhajar ga mai tsara sabuwar waƙar Hausa, ta fi kyan shafi nesa ba kusa ba: tana tilasta masa ya dubi kowace gaɓa a kan sautinta, kuma sauya tsawon sauti biyu don su bi harshe ba ya cin komai sai danna maɓalli.

Kada dai a bar mata rabon gaɓoɓi. Inda manhaja ke iya yanka kalmomi da kanta, ƙa'idar harsunan Turai take bi. Ba ta san "ts" da "sh" da "ƙw" sauti ɗaya ba ne kowannensu, ba ta san "tsattsarka" tsat-tsar-ka ba ce.

Sai batun kiɗan gida, inda layuka biyar ɗin kansu ke fara gazawa, ba manhaja kaɗai ba. Ɗalibin da aka ba aikin rubuta wata waƙar Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, zai tarar da kuntigi yana tafiya da bugunsa a daidaice, murya kuma tana shiga tana fita bisa tsawon magana, wani layin gajere wani dogo. Yawancin manhajojin da suka girmi Dorico suna tunani ne gida-gida: sai ka faɗi yawan bugun da ke cikin kowane gida, su kuma su cike ragowar da alamar shiru. Ana iya zagaye wannan da dabaru, a ɓoye sanduna, a ƙirƙiri gida mai tsawon da ake so. Dorico tana barin mutum ya zuba sautuka ba tare da ya sa awo ba tukuna, in ya sa daga baya ta sake rarraba su da kanta. Ga mai nazarin kirari ko waƙar da ba ta bin awo ɗaya, wannan bambanci ne na gaske. Haka nan tana ba da damar tsara sautukan da suka faɗa tsakanin maɓallan kibod, abin da mai rubuta kiɗan kundung na Berom ke bukata, tun da maƙerinta ba da fiyano ya auna ta ba. Kalangu kuwa, da muryarsa ke zamewa sama da ƙasa gwargwadon matsa tsirkiya, duk yadda aka rubuta shi kwatance ne.

A nan akwai haɗarin da nake ganin ba a kula da shi. Yanzu shugaban kwaya yakan fitar da sautin kowace murya daga manhaja ya tura wa mutanensa ta WhatsApp su koya a gida. Dabara ce mai kyau, tana rage wahalar gwaji. Amma kwamfuta tana kaɗa abin da aka rubuta ne daidai wa daida. Waƙar Zumuntar Mata da ke tafiya da tulu da caki, inda bugu uku ke gogayya da biyu, inda amshi ke faɗowa kafin mai bayarwa ta rufe baki, idan aka matse ta cikin awo huɗu-huɗu don shi ne manhaja ta fara miƙowa, aka kuma koya wa yara daga wannan sautin, to a hankali waƙar za ta miƙe ta zama maci. Sau da yawa 6/8 ko 12/8 ne awon da ya fi kusa da gaskiya. Jerin kayan kiɗa 128 na tsarin General MIDI ma babu kalangu ko kuntigi a ciki. Marimba ake arowa ta tsaya wa kundung.

Batun kuɗi ba ya bukatar dogon bayani. Sibelius ta fi karkata ga biyan wata-wata ko shekara-shekara, Dorico ta kwamfuta saye ɗaya ake yi sai sabuntawa, dukansu da kuɗin waje, kuma kowacce tana da ƙaramar fitowa ta kyauta mai iyakance yawan layuka. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kowa ya san abin da ke biyo baya: kwafin sata, wanda baya ga haramcinsa yakan zo da ƙwayar cuta, ya kuma daskare a tsohuwar fitowa. MuseScore ta kawar da wannan uzuri. Kyauta ce, halal, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma ga waƙar murya huɗu da kibod, shafin da fitowarta ta huɗu ke bayarwa ba abin kunya ba ne a gaban kowa. Abu biyu kawai za a kiyaye. Manhajar daban take da shafin intanet mai irin sunanta da ke sayar da rajista. Sannan ta huɗun tana son Windows 10 ko sama da haka. Mai tsohuwar laftof ya nemi 3.6.2, ta ishe shi. LilyPond tana fitar da shafi mai kyan gaske, fayil ɗinta kuma rubutu ne zalla da kowace na'ura ke buɗewa, amma sai mai haƙurin koyon umarni. Na fi ganin ta dace da wanda zai tsara littafin waƙoƙi ɗari-ɗari masu fasali ɗaya.

Wani abu da masu gwada manhajoji a ƙasashen waje ba sa aunawa shi ne fotokwafi. Takardar kwaya a Jos ba a buga ta sau arba'in. Ana buga ɗaya ne a kwafa, a kwafi kwafin, wata majami'ar ta ara ta sake kwafa. Siraran layukan da ke burge ido a allon kwamfuta su ne ke fara ɓacewa, zuwa hawa na uku sai ka ga ɗigo suna shawagi babu abin da suka taka. Kowace manhaja tana da wurin ƙara kaurin layi da girman haruffan kalmomi. Mai tsara wa majami'ar da fitilarta ke bin halin wutar lantarki ya kamata ya ƙara duka biyun, ko da shafi zai zama biyu.

Na bar matsala ta uku a ƙarshe don ita ce ta riga ta auku. Ranar 26 ga Agustan 2024 kamfanin MakeMusic ya sanar da cewa ya daina sayar da Finale, ya daina inganta ta, bayan shekara 35 da ɗoriya. Ya shawarci masu amfani da ita su koma Dorico a kan rangwamen dala 149, wanda a canjin lokacin ya haura naira 220,000, fiye da albashi mafi ƙanƙanta na wata uku, tun da a Yulin wannan shekarar aka tsayar da shi a 70,000. Da farko ma an ce bayan shekara guda ba za a ƙara iya kunna ta a sabuwar kwamfuta ba, sai da jama'a suka yi ca sannan aka janye wannan. Abin lura shi ne Dorico ba ta buɗe fayilolin Finale kai tsaye, haka Sibelius da MuseScore. Gadar da ke tsakaninsu ita ce MusicXML, tsarin da Michael Good ya ƙirƙiro wajen 2000, wanda yanzu ke hannun wani kwamitin W3C. Tana ƙetarar da sautuka da awo da kalmomi lafiya lau, tsarin shafi kuwa yakan ɗan rushe. Sharaɗin dai shi ne daga cikin Finale ɗin ake fitar da ita. Wanda ba shi da Finale mai aiki, ba shi da gada.

Darasin ba na Finale kaɗai ba ne, tun da Sibelius ma ta taɓa ganin an watse da maginanta rana ɗaya. Saboda haka idan aka tambaye ni, nakan ce majami'a ko makaranta ta ɗauki MuseScore, mai nazari ko mai shirin buga littafi da ke da hali ya duba Dorico, wanda hannunsa ya saba da Sibelius kuma yake biya ya zauna abinsa. Amma kowace waƙa a ajiye ta kashi uku: fayil ɗin manhajar, da MusicXML, da PDF, kuma ajiyar ta zama ta ikilisiya ko ta sashen makaranta, ba ta laftof ɗin mutum ɗaya ba.

Kwanakin baya wani abokina ya kawo mini filashi da ya gada daga tsohon shugaban kwayarsu, wanda ya yi ritaya ya koma ƙauye. Waƙoƙi ne da mutumin ya tsara da Hausa da harshensu cikin shekaru masu yawa, duk a tsohon tsarin Finale, babu PDF ko ɗaya. Muka yi ta cigiya har muka sami wani mai tsohuwar laftof da manhajar ke kanta. Batirinta ya mutu tuntuni, sai an jona ta da wuta take kamawa. Muka tayar da janareto, muka zauna muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya muna fitarwa. A fayil na goma sha wani abu muka tarar duk inda ya kamata a ga ƙ, alamar tambaya ce a wurin, sai abokin nawa ya jawo kujera kusa, yana rera layin a hankali, ni kuma ina gyarawa.